Idon Mage na Gidanmu

Daga Allah muka fito, kuma gare shi Yaya ta koma wata Laraba da hantsi, gero yana cikin fitar da kai. Yayata ce uwa ɗaya uba ɗaya, nonon da ta saki shi na kama. Ban yi lakwal ba, wato makarantar boko, ban san yadda ake riƙe alƙalami ba, amma na sa an zauna an rubuta wannan yadda ya fito daga bakina, domin na ga garinmu yana gaggawar mantawa da ita, kuma ɗan abin da suka zaɓa su riƙe ba shi ne ita ba.

Mutane sun zo gaisuwa, ba zan yi musu ƙarya ba. Maza sun cika inuwar ƙofar gida, liman ya sallace ta, an kai ta an dawo. Mata ne na zauna ina kallo. Kowace ta shigo sai ta ce, "Inna, ya haƙuri?" ta nemi wuri kusa da ƙofa, ta jawo mayafi ta rufe kan goyonta kamar ana ruwa. Muka dama fura a babbar ƙwarya, ta zaga tsakar gida ta dawo yadda ta tafi. Matan da suka saba wankan gawa a garin nan, ran nan duk bayansu ke ciwo. Ni da ɗiyata muka wanke ta kafin a kai ta. Da muka fito, wata tsohuwa da muka yi wasan ƙasa tare ta matso ta rage murya.

"An dai rufe idanun da kyau?"

Na ce, "Tana nan kwance. Shiga ki duba."

Ba ta shiga ba.

Mutum ɗaya ce daga waje ta yi kuka irin na gaske, wata Bafillata mai tallan nono da ke sauke ƙwaryarta a rumfar Yaya duk ranar kasuwar Badaguishiri. Ta zube a tsakar gida tana cewa wa zai ƙara ajiye mata ruwan sanyi a randa. Sauran kuwa, suna amsa addu'a da baki, idonsu yana can lungun rumbu, inda jikarmu ke zaune ta haɗa kai da gwiwa. Yarinya ce da ba ta daɗe da fara famfara ba. Ita suke kallo, kuma na san dalili.

Yaya idon mage gare ta. Ba baƙi ba ne irin nawa da na kowa, kalar zuma ne in an ɗaga ta a rana, da ɗan kore-kore a gefe. A ƙasarmu an ɗauka mai irin wannan ido yana ganin cikin mutum, ya hangi kurwarsa ya kama. Maita ke nan. Tun tana yarinya ake raɗa mata ita. In mun je rijiya, 'yan mata su janye gugansu su ce ta fara ja, ba don girmamawa ba. Ni kuwa da bakina da ƙarfina na tashi, na fasa wa fiye da ɗaya baki a kan wannan. Ita ba ta faɗa. Sai ta ja ruwanta ta ce, "Auta, bar su. Mun samu rijiya babu layi."

Babanmu ne ya gaya mana inda idon ya fito. Ya ce kakarsa ta wajen uba, wadda aka auro daga rugar makiyaya, haka nata yake. 'Ya'yanta duka baƙin ido, jikokinta baƙin ido, har mutane suka manta an taɓa yin ta. Shi da innarmu kuwa ɗan wa da 'yar ƙane ne, dukansu jikokin matar nan. Da suka haɗu, a cikinmu mu duka da suka haifa, Yaya kaɗai ta fito da shi.

Wannan magana Yaya ta riƙe ta tana juyawa duk tsawon ranta, kamar mai tsince tsakuwa a cikin wake. Aka aurar da ita ga wani mutumin kirki daga wajen Tsarnawa, bare ne, babu jini tsakaninmu. Shi cindo gare shi, ɗan yatsa na shida a gefen hannu, irin na ubansa da na kakansa. Ta haifa masa 'ya'ya, wasu suka zo da cindo aka kira wanzami ya ɗaure, wasu ba su zo da shi ba. Amma ko ɗaya bai ɗauko idonta ba. Takan zaunar da su tana duba fuskokinsu tana dariya.

"Dubi nan, Auta. Cindo ba shi da kunya. Uba ɗaya ya ishe shi, ya fito ya zauna gaban kowa. Nawa kuwa mai kunya ne. In ya tarar da baƙin ido a ɗaki sai ya koma bayan ƙyaure ya laɓe. Ba ya fitowa sai ya ji ɗan'uwansa ya shigo ta ɗaya ƙofar, ɗaya ta uwa, ɗaya ta uba."

Na ce, "To ya tafi ke nan, Allah ya raka shi."

Ta ce, "Ina ya tafi? Yana cikinsu duka. Ke ma ina zaton kina ɗauke da shi. Ni dai na sa nawa a waje, ke kin ninke naki a ƙasan adaka."

Na ce ta kama bakinta. Ni lokacin nan sunana ya fara tashi. Ni ke riƙe muciyar biki a garinmu. Ba a ɗora tukunyar aure ko ta suna sai an aiko mini da goro, ni ke cewa a zuba, ni ke cewa a sauke, kuma tuwona bai taɓa yin gudaji a gaban baƙi ba. Har Illela an ɗauke ni a kan amalanke don in tuƙa. Mace irin wannan ba ta son a ce mata tana da wani abu ninke a adaka.

Akwai al'adar da muke da ita, wadda ita ce ta cinye rayuwar Yaya. In yaro ya kwanta masassara ta ƙi sauka, ya fara sambatu, sai a ce kama shi aka yi. A ɗauko shi a shimfiɗe a ƙofar wadda ake zargi, a ce ta tsallaka shi, wai in ta tsallaka ta saki kurwar. Ranar da aka fara kawo wa Yaya, ina gidan, muna sussuka. Wata maƙwabciya ce ta shigo da ɗiyarta a hannu, jikin kamar garwashi, bayanta mata sun cika zaure. Ba ta zagi kowa ba. Durƙusawa ta yi ta ce, "Don Allah, don Annabi. Ban ce ke ce ba. Ki dai tsallaka."

Na ɗauki taɓarya na ce duk wadda ta ƙara taku ɗaya sai an ɗauke ta. Yaya ta dafa hannuna. Ta dubi uwar, ta dubi ɗiyar, ta tattare zanenta ta tsallaka. Sannan ta shiga ɗaki ta jiƙo tsamiya ta ce a riƙa ba ta kaɗan-kaɗan, a lulluɓe ta da jiƙaƙƙen zane. Yarinyar ta tashi. Gari ya ce, kun gani, ta saki.

Daga nan ƙofarta ba ta huta ba. Wanda ya tashi, an ce ta saki. Wanda ya mutu, an ce ta riga ta cinye. Shekarar da ƙyanda ta shigo bayan fari, yara suna faɗuwa kamar ganye, har daga ƙauyukan gefe ake kawo mata. Liman ya yi wa'azi a kan haka ya gaji, ya ce zato zunubi ne, matan suka ce to, suka ci gaba da zuwa ta ƙofar baya.

A kan wannan muka yi faɗan da ya fi kowane. Na same ta tana yanka kuɓewa tana shanyawa, na tsaya a kanta.

"Duk ɗaga ƙafar da kika yi, kin amsa sunan ne. Ke da bakinki ba ki ce ke mayya ce ba, ƙafarki ta faɗa. Mi ya sa ba ki iya cewa a'a?"

Ta ce, "Kin ga fuskar uwar?"

"Na gani. Ba ke kika sa mata ciwon ba."

"Ba ni ba ce. Amma ta zo da ɗa a hannu tana neman a yi wani abu, kuma abin da take nema ina da shi, taku ɗaya ne. In ta samu wannan sai hankalinta ya kwanta ta ji sauran maganata, ta ba shi ruwa, ta kai shi likita." Ta ci gaba da yankanta, sannan ta ce ba tare da ta ɗago ba, "Kuma ke, Auta, kin san abin da ake cewa. Maita a nono take. In na ƙi, za su fara tambaya wane nono na sha, da wa na sha shi. Gara su tsaya ga idon. Ido nawa ne ni kaɗai."

Na ce, "Ban roƙe ki ki tsare ni ba."

Ta ce, "Ba ki roƙa ba."

Na fita. Damina ta wuce, aka yi girbi, ban taka gidanta ba. Har yau ina cewa gaskiyata ce, bai kamata ta fara ba. Ita ce ta zo ta same ni, da ɗan ƙullin daddawa a hannu, ta zauna ta ce miyata ta jiya an ce gishiri ya yi yawa. Ƙarya take, ni miyata ba ta yin gishiri. Muka yi ta musu a kan wannan har muka manta da wancan.

Ɗanta na fari ya ga ɗiyata ya ce yana so, ita ma tana so. Kowa ya yi murna, zumunci ya ƙara ƙulli. Dukansu baƙin ido ne wuluk. Suka haifi na fari baƙin ido, na biyu haka. Ta ukun ce, ranar da ta buɗe ido sosai, ɗiyata ta kira ni ɗaki. Na ɗauki jaririyar na kai ta bakin ƙofa wurin haske. Zuma ce, da ɗan kore a gefe.

Aka kira Yaya. Ta karɓe ta ta daɗe tana kallo. Ita ba mai duba madubi ba ce, tun tana budurwa ta ba da nata. Sai ta ce a hankali, "Ashe wannan ne abin da suke gudu? Ai kyakkyawa ne." Ta sa mata Madubina, da shi take kiran ta har ta mutu. Sannan ta ɗago ta dube ni. Ɗanta ya kawo nasa daga wajenta, wannan kowa ya sani. Amma ɗiyata fa, daga ina ta samo nata? Ubanta bare ne daga Malbaza, danginsa kaf ba a taɓa jin mai irin wannan ido ba. Ƙofa ta biyu ni ce.

Gari bai yi wannan lissafin ba. Gari ya ce tsohuwa ta zuba wa jikarta. Yaya ta so a ba ta riƙon yarinyar, na hana, na ce in ta kwana ɗakinta za a ce a can ta ba ta maitar ta haɗiya. Ta yarda, amma kullum da hantsi yarinyar tana gindinta, tana koya mata kaɗi da saƙar faifai. Na taɓa jin ta tana ce mata, "In sun kalle ki, ki kalle su. Kar ki sunkuyar da kai, wuya zai yi miki ciwo a banza. Ni na gwada."

Ciwon ajalinta bai daɗe ba, ƙirji ne. Ana gobe za ta rasu, da la'asar, ta sa aka fitar da kowa ta riƙe hannuna.

"Auta, kin ce kar in fara. Na riga na fara, ya wuce. Amma ita, kar ki bari ta ɗaga ƙafa. Ko sau ɗaya. In ta ɗaga, ta ɗauka ke nan har kabari."

Na ce, "Wa zai kawo wa ƙaramar yarinya?"

Ta ce, "Za su kawo. Sun saba da ƙofar."

Ranar sadakar uku suka kawo. An gama addu'a, ana raba waina, maza sun fara watsewa. Sai ga matar maɗinkin garinmu ta shigo da ɗanta a kafaɗa, kansa yana lilo, idonsa ya juye. Wannan matar ita ce yarinyar nan da Yaya ta fara tsallakawa, ta girma ta yi aure, ni na tuƙa tuwon bikinta. Duk ranta an gaya mata tsallaken nan ne ya tashe ta. Ta shimfiɗe yaron a tsakar gida, gaban mata duka, ta durƙusa kamar yadda uwarta ta durƙusa.

"Inna, ku yi mini rai. Tun ranar da tsohuwa ta kwanta ya kwanta. Jiya yana sambatu yana kiran mage. Ban ce kowa ba ne. Yarinyar dai ta tsallaka."

Ɗiyata ta fashe da kuka ta rufe fuska. Uban yarinyar yana waje wurin maza. Jikarmu kuwa ta miƙe daga lungun rumbu da kanta, don ta sha ganin kakarta tana yi, a wurinta ba wani abu ba ne, taimako ne. Har ta kama bakin zanenta.

Na ce, "Zauna."

Ta tsaya tana kallona da idon Yaya.

"Na ce zauna!"

Wata daga bakin ƙofa ta ce, "Haba Inna, taku ɗaya ne. Rai ne fa a ƙasa."

Wata ta ce, "In babu komai, mi zai hana?"

Na dubi yaron. Numfashinsa sama-sama, leɓensa ya bushe ya tsage. Na dubi uwar. Fuskar nan ce Yaya ta tambaye ni ko na gani, kuma ran nan na gan ta. In na kore ta, yaron ya mutu a hanya, an gama da jikarmu, za a ce ta ƙi saki. In na bari ta tsallaka, an gama da ita ta wata hanyar. Na miƙe, gwiwoyina suna ƙara.

Na ce, "Ku saurara, ku duka, don ba zan maimaita ba. Kun ce a ido yake. To idon wagga ɗiya ba daga wuri ɗaya ya zo ba. Ubanta baƙin ido, uwarta baƙin ido, ku dube su. Rabi ya biyo ta wajen wadda kuka ƙi wankewa, rabi ya biyo ta wajena. Irinsa ba ya fita sai an haɗa biyu. Yana cikina tun ran da aka haife ni, baƙin ne ya rufe shi. Nonon da ta sha shi na sha. Kuma babu wadda ke zaune a nan da ba ta ci tuwon hannuna ba, ranar aurenta ko ranar sunan ɗanta. In abin tsoro ne, kun daɗe da cinye shi."

Na ga wata ta ajiye wainar da ke hannunta a hankali.

Na ce, "Tsallake kuke so? Babba ke yi, ba yaro ba."

Na tattare zanena na tsallaka shi.

Ban san ƙafa tana da nauyi haka ba. Da na sauke ta, na juya na ce wa uwar, "An yi. Yanzu tashi. A ɗaura amalanke a kai shi gidan likita a Illela, kar ki tsaya ko'ina." Ta tashi da gudu, ta ji maganata kamar yadda uwarta ta ji ta Yaya. Uban jikarmu ne ya kai su da jakinsa.

Yaron ya tashi. Allurar Illela ce ta tashe shi, amma ban ji mai faɗin haka ba. Abin da na ji shi ne, ashe ƙanwar ce mayyar tun da can, ta ɓoye a bayan 'yar'uwarta.

An yi girbi, an shiga lokacin bukukuwa. Ina jin guɗa daga unguwa zuwa unguwa, ina jin ƙamshin tuwon da wata ta tuƙa, har daga nan na san ya yi ruwa. Goro bai zo ba. Muciyata tana jingine a bayan ƙyaure, na shafa mata mai don kar ta tsage. Tun daga ranar an kawo mini yara ƙofa, ban ƙirga ba, kuma kowane na tsallaka na kora su likita. Jikarmu ba a ƙara kiran ta ba. Suna kallon ta dai, amma ƙofata suke nufa.

Kwanan baya tana taya ni tsince wake ta ce, "Kaka, da gaske ke ma kina da shi?"

Na ce, "Ina da shi."

Ta matso ta leƙa idona, ta ja fatar da ɗan yatsa. "Ban gani ba."

"Nawa a ciki yake. Na yayyenki ma wataƙila yana ciki. Ke ce dai aka ba ki ki sa a waje."

Sai ta ce, "To in kin mutu wa zai riƙa tsallakawa?"

Na ce ta tsince wakenta, tana barin tsakuwa.

Tambayar nan ce ta sa barcina ya ragu. Na gaya wa ubanta in lokacin aurenta ya yi a duba nesa, garin da ba a san ƙofar nan ba, kuma ita ta zaɓa. Amma da sauran shekaru kafin nan, ni kuwa gwiwoyina kullum ƙara nauyi suke.

Yaya, Allah ya jiƙan ki, ya yalwata miki kabari, ya sa idon da aka guje wa a duniya ya ga abin da ya fi kowane kyau. Wanda ya ci albarkacin ƙafarki bai gode ba, Allah ya biya ki a madadinsa. Har yanzu ina cewa bai kamata ki fara ba, in mun haɗu za mu ƙarasa musun. Ni dai abin da nake roƙo Allah ya ja kwanana, ba don duniya ta yi mini daɗi ba. Yarinyar ba ta girma ba tukuna, kuma ƙafata ake bukata.